Ba Mu San Dantong Ba

Ni ne Jabir mai faci, wanda rumfarsa ke bakin layinmu a Dilimi cikin Jos, kuma kafin wani ya riga ni faɗa gara in faɗa da bakina: ni na fara ƙara wa Malam Shu'aibu kwanaki a gidan yari. Ba ni kaɗai ba ne, layin gaba ɗaya muka taru muka yi masa wannan aika-aika, amma ni na buɗe fage. Abin haushin kuma, duk cikin biyayya muka yi.

Malam Shu'aibu dillalin tumatir ne a kasuwar Farin Gada. Mutum ne mai son tsari fiye da kima, irin wanda ko kwandunan da babu komai a ciki sai ya jera su daga babba zuwa ƙarami. Duk tsarin nan bai hana wani Honarabul mai ƙamshin turare ya zo ya roƙi aron asusunsa na banki ba, wai za a turo wasu 'yan kuɗi ne su kwana biyu su wuce. Malam Shu'aibu ya ga babban mutum ya tako har rumfarsa, kunya ta kama shi, ya sa hannu a duk inda aka nuna masa. Ashe a takardun an rubuta cewa ya sayar wa wata ƙaramar hukuma tumatir na naira miliyan arba'in domin aikin gyaran hanya. Har yau ban gane wace irin hanya ake gyarawa da tumatir ba. A watan Maris na shekarar dubu biyu da bakwai masu bincike suka zo suka ɗauke shi a gaban kwandunansa, aka ce ya taimaka wajen halatta kuɗin haram. Shi kuwa Honarabul tuni ya tafi ƙasar waje ganin likita, kuma da alama likitan bai sallame shi ba har yanzu.

Wata huɗu Malam Shu'aibu yana tsare kafin alƙali ya yarda a ba da belinsa. Matarsa Hassana ta dawo daga kotu da sharuɗɗan a kanta kamar karatun allo. Mai tsaya masa sai ya zama ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na goma sha huɗu. Sai yana da gida nasa na kansa a cikin Jos, da takardar mallaka. Sannan ma'aikacin kotu zai zo, ranar da ya ga dama ba tare da sanarwa ba, ya ga gidan da idonsa, maƙwabta biyu kuma su shaida cewa lallai mutumin a nan yake zaune. An sa wannan sharaɗi ne saboda 'yan tsayuwar haya da ke yawo a bakin kotu, waɗanda kan ba da adireshin gidan da in ka je sai ka tarar da bola.

Mu a layinmu mai mataki na goma sha huɗu ɗaya ne tak, shi ne Baba Dantong na ma'aikatar gona. A layin aka haife shi, a gidan da mahaifinsa ya gina tun zamanin haƙar kuza, kuma da shi da Malam Shu'aibu tare suka yi wasan ƙasa. Hassana ba ta ma gama bayani ba ya ɗauko takardar gidansa da hotuna biyu, ya bi ta kotu ya sa hannu. Kowa ya ce an gama, saura kawai a zo a ga gida.

To a nan ne matsalar take, kuma dole in koma baya kaɗan.

Lokacin rikicin shekarar dubu biyu da ɗaya, Malam Shu'aibu ne ya ɓoye Baba Dantong kwana uku a ɗakin ajiyar kwanduna. Ya sa masa babbar riga da hula, ya raɗa masa suna Malam Mahdi. Da ƙura ta lafa, duk Kiristocin layin suka tashi, shi kaɗai ya ce ba inda za shi, a nan aka binne cibiyarsa. Sai Malam Shu'aibu ya tara mu a ƙofar masallaci ya kafa doka: duk baƙon da ya zo ya tambayi Dantong, amsa ɗaya ce, ba mu san shi ba. Da yake mai tsari ne, bai bar ƙofa ko ɗaya a buɗe ba. Ya ce ko baƙon ya zo da takardar gwamnati, ba mu san shi ba. Ko ya ce ni na aiko shi. Ko Hassana ce ta ce ku faɗa, don wataƙila tsorata ta aka yi. Ko shi Dantong ɗin ne ya fito ya ce shi ne, ku ce Malam Mahdi ne, kansa ne ke ɗan juyawa. Shekara guda cur yana turo mana 'yan dakon Farin Gada su gwada mu, wanda duk ya faɗi jarrabawar sai ya sha faɗa a gaban jama'a.

Mun ƙware har abin ya wuce misali. Shekara shida wasiƙa ba ta taɓa samun Baba Dantong a gida ba. Masu yanke wuta sun gaji sun daina nemansa. Surukansa da suka zo gaisuwar Kirsimeti daga Bukuru sun yini suna zagaye da akuya a hannu, har akuyar ta gaji ta kwanta a gaban rumfata.

Ranar Litinin da hantsi ina fama da tayar wata tifa, sai ga wani dogon mutum ya sauka daga acaɓa, da laktaye a wuya da fayil a hammata. Daga baya muka san sunansa Benedict, ma'aikacin kotu ne.

Ya ce, "Sannu da aiki, oga. Ina gidan Mista Dantong?"

Wallahi na san ana jiran mutumin kotu. Hassana ta faɗa mana. Amma a raina mutumin kotu zai zo da mota ne da baƙar riga, ba a bayan acaɓa ba. Ban ko ɗago kai ba na ce, "Ba mu san shi ba."

Ya wuce wurin Inna Amatullahi, tsohuwar da ke tuyar ƙosai daidai ƙofar gidan Baba Dantong ɗin. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta da bakinta lafiyarsu ƙalau. Ya tambaye ta da gurguwar Hausarsa.

"Mama, ka san Mista Dantong? Ma'aikaci ne, yana da mota Fijo."

Ta ce, "Ɗan wa? Shekarata hamsin a layin nan, ban taɓa jin mai irin wannan suna ba."

Fijon tana fake a bayanta, inuwar motar ma take sha. Benedict ya tambayi tela, ya tambayi mai kanti, ya tambayi ladan. Ladan ma har ya ba shi shawarar ya gwada wajen unguwar Abattoir. Mutumin ya rubuta abin da zai rubuta ya hau acaɓa ya tafi, mu kuma muka dubi juna cikin jin daɗi, mun kori wani.

Washegari Hassana ta dawo daga kotu tana tafe tana huci. Ta tsaya a tsakiyar layi ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu, alamar ba zaman lafiya.

Ta ce, "Wane ne ya ce ba a san Baba Dantong ba?"

Kowa ya dubi na kusa da shi. Ta ce an karanta rahoto a gaban alƙali cewa mutum biyar sun shaida babu mai wannan suna a layin. Alƙali ya fusata ya ce an kawo masa ɗan tsayuwar haya. Lauyarsu, Barista Ngozika, ta yi ta roƙo har aka yarda a sake zuwa sau ɗaya, ranar Alhamis. Ranar Juma'a kotu za ta tafi dogon hutu. In ba a kammala ba, Baban Sumayya, wato mijin nata, zai zauna a ciki har Satumba.

Ta ce, "Mutumin nan ya rame har wuyansa ya zama kamar na kwalba. Jibi in an zo, ku ce kun san shi. Kun ji ko?"

Kunya ta rufe ni, na ce na ji. Sai Inna Amatullahi ta juya ƙosanta a mai ta ce, "To ai Hassana, ya faɗa mana. Ya ce ko ke ce kika zo."

Hassana ta ce, "Inna, shi ne fa a kurkuku!"

"Shi ya sa. Mai doka ba ya nan, sai mu karya masa ita a bayan idonsa?"

Nan fa layi ya rabu biyu. Baba Dantong ya dawo daga ofis ya tarar ana ta musu a kan ko an san shi ko ba a san shi ba. Ya roƙe mu da girman Allah mu san shi na kwana ɗaya tak. Tela ya ce shi bai ƙi ba, amma ana so a ji daga bakin Malam Shu'aibu.

Ranar Laraba Hassana ta je gidan yari ta dawo da 'yar takarda da ya rubuta a bayan kwalin sabulu: a faɗi gaskiya, na janye doka zuwa Juma'a. Ga sa hannunsa a ƙasa. Ladan ya karanta wa jama'a. Inna ta karɓi kwalin ta kai shi dab da hancinta, ta ce, "Wannan sa hannun ba shi ne ya kai shi inda yake ba? Mutumin da ke sa hannu a kan tumatirin gyaran hanya?"

Gaskiya ta faɗa. Hassana ta fashe da kuka, kukan da tun da aka kama mijinta ba mu ga ta yi a fili ba. Wannan ne ya karya mana zuciya. Har Inna ta ce to shi ke nan, an yarda.

Bayan la'asar muka yi gwaji. Hassana ta ɗaura wa tela tsumma a wuya a matsayin laktaye, ta ba shi faranti ya riƙe a hammata. Ya riƙa bin mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Ina gidan Dantong?" mu kuma muna amsawa, "Ga shi can, mun san shi sarai." Sau uku na farko bakina ya suɓuce na faɗi tsohuwar amsa. A na huɗu na daidaita. Na kwana ina maimaitawa har matata ta tambaye ni wane ne wannan da na sani sarai.

Alhamis da azahar, hadari ya haɗo ta gabas, sai ga Benedict. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne wannan karon ba shi kaɗai ba ne. Kotu ta haɗa shi da ɗan sanda mai bindiga a kafaɗa, saboda ana zargin ƙarya a maganar.

Ina ganin bindigar nan na tuna dokar ƙofar masallaci. Baƙo, da makami, yana neman Dantong. Duk karatun jiya ya bi iska.

Benedict ya ce, "Oga mai faci, na sake dawowa. Mista Dantong?"

Ina jin bakina da kunnena yana cewa, "Ba mu san shi ba."

Hassana da ke tsaye a gefe ta dafe kai. Benedict ya yi gaba, muka bi shi a baya kamar masu rakiyar gawa. Tela ya ga bindiga ya ce shi baƙo ne a layin. Mai kanti ya rufe kanti da kansa a ciki. Ladan ya tuna bai yi alwala ba.

Baba Dantong, wanda ya ɗauki hutun ranar musamman, ya fito ƙofar gidansa da katin aikinsa a hannu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne Dantong. Ga katina, ga gidana, ga motata."

Benedict ya duba kati ya duba fuska, ya ce, "To, da kyau. Saura shaida biyu." Ya juya wurin Inna. "Mama, wannan mutum, wane ne sunanta?"

Inna ta dubi inda ɗan sandan yake. Ta miƙe da ƙyar, ta zo ta tsaya tsakanin bindigar da Baba Dantong, ita da ba ta kai masa kafaɗa ba. Ta fizge hular kaina ta ɗora a kansa.

Ta ce, "Malam Mahdi ne, ƙanen mijina. Kansa ne ke ɗan juyawa, kada ku kula shi."

Baba Dantong ya ce, "Inna, don Allah!"

Ta ce, "Ka gani ko? Ciwon ya motsa."

Hassana ta zame ta zauna a ƙasa daɓas. Benedict ya zare biro, ya buɗe fayil. Na san abin da zai rubuta, na kuma san wata biyu ne zai fito daga bakin biron nan. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba, amma ko da na buɗe baki in gyara, idona sai ya koma kan bindigar, harshena ya ƙi.

Sai ruwa ya kece, irin ruwan Yuli na Jos da ba ya sallama. Ɗan sandan ya ruga rumfata ya fake. Benedict ya rungume fayil ya faɗa barandar Baba Dantong. Kowa ya watse neman abin da zai ceta.

Inna ta bar kaskonta a ruwa ta nufi igiyar shanya, tana ƙwala mini kira da iya ƙarfinta: "Jabir! Tagar motar Dantong! Ka san ba ta rufuwa!"

Ni kuma da gudu na ɗauko ledar da nake ajiyewa don wannan aikin, ina amsawa, "Na gani, Inna! Ke kwashe wa Baba Dantong kayan cocinsa, gata Lahadi!"

Na lulluɓe tagar na danne da dutse. Inna ta shigo baranda da rungumin kaya, a samansu rigar ƙungiyar mazan coci mai sunansa ɗinke a ƙirji. Ta dungure masa su a hannu tana faɗa: "Kullum sai na ce maka ka daina shanya da azahar, Dantong, ba ka ji!"

Sai a lokacin ta lura da wanda ke tsaye kusa da ita. Benedict yana kallonmu, biro a hannu, ruwa na ɗiga daga laktayensa.

Ya ce, "Mama, ciwon Malam Mahdi ya kama ka kai ma?"

Inna ta sunkuyar da kai. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba.

Benedict ya dubi Baba Dantong ya ce, "Oga, shekara tara ina wannan aiki. Na ga unguwa da mutane suka ce sun san wanda babu shi. Ban taɓa ganin inda suka ce babu wanda suke kwashe wa wanki ba. Mene ne ya faru a nan?"

Baba Dantong ya cire hulata daga kansa, ya ba shi labarin ɗakin kwanduna da dokar ƙofar masallaci a taƙaice. Ya ce mutumin da ake neman belin nasa, shi ne mai dokar.

Benedict ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo. Sannan ya ce, a hankali, "A layinmu, lokacin da aka zo aka tambaya, an nuna gidan wanda ake nema."

Ba wanda ya tambaye shi sauran labarin. Ya kwance laktayen ya cusa a aljihu, ya leƙa ya ce wa ɗan sandan ya zauna inda yake. Ya fito da tawada ya ce ya ji sunan daga baki biyu, da kunnensa, ba wanda ya tilasta. Ya rubuta sunana ya rubuta na Inna. Na sa hannu. Inna ta dangwala babban yatsa ta danna a takardar sosai, har sai da ta kusa hudawa.

Ta ce, "Na dangwala. Amma ka rubuta a ƙasa cewa ban san shi ba."

Ya ce, "Zan rubuta, Mama." Bai rubuta ba, ina kallo. Ta naɗe masa ƙosan da ruwa ya jiƙa a takarda, ya karɓa da hannu biyu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka sako Malam Shu'aibu. Hassana ta tsaya biyan mai acaɓa, shi ya yi gaba. Ni kaina sai da na duba sau biyu. Ya rame, an aske masa kai da gemu saboda ƙwarƙwata, yana sanye da wata shat da aka ba shi a can, takardun belinsa a fayil a hammata. Bai nufi gidansa ba, ƙofar abokinsa ya fara zuwa don ya yi godiya. Na ajiye taya na bi shi, ina shirya irin haƙurin da zan ba shi na kwana huɗun da muka ƙara masa.

Ya tsaya a gaban kasko, muryarsa a dishe saboda sanyin siminti, ya ce, "Sannu Inna. Dantong yana ciki?"

Inna ta ɗago ta ga inuwar mutum da fayil. Ta mayar da kai kan tuyarta.

"Ba mu san shi ba."

Na rufe ido ina jiran faɗa. Da na ji shiru na buɗe, sai na ga hawaye na bin kumatunsa, yana dariya a lokaci guda.

Hassana ta iso tana haki ta ce, "Ka ji ko, Baban Sumayya? Ka ji abin da ya kusa zaunar da kai har Satumba? Yanzun nan ka tara su ka soke dokar nan da bakinka."

Ya share fuska da bayan hannu. Ya dubi ƙofar, ya dubi Fijon da ledata ke manne a tagarta har yanzu.

Ya ce, "A bar ta. In sun ce in koma in yi wata biyun, zan yi."

Sai a lokacin Inna ta gane muryar. Ta saki matsamin ƙosai a cikin mai, ta kamo hannunsa ta riƙe gam, ta juya ta ƙwala kira ta kan katanga: "Malam Mahdi! Fito, ga Shu'aibu ya dawo!"